Kete-Krachi: Zangon Fatake a Bakin Volta da Abin da Ruwa Ya Bari

Kete-Krachi ƙaramin gari ne a Jihar Oti ta ƙasar Gana, yana zaune a ƙarshen wani zirin tudu wanda ruwan tafkin Volta ya kewaye ta yamma da kudu da gabas, ta yadda mai zuwa daga birnin Accra, wanda mutanen zango ke kira Ankara, idan ya bi gajeriyar hanya ba ya isa garin sai ya hau jirgin fito. Mutanensa ba su kai na unguwa guda a Nima ko Madina da ke Ankara yawa ba, kuma matasan zangunan Ankara da yawa ba su san shi ba sai a jikin motocin doya, amma a ƙarshen ƙarni na 19 yana cikin manyan kasuwannin da fataken Hausa ke sauka a wannan nahiya, kuma a cikinsa ne malamin da ya fi kowa rubutu da Hausa a ƙasar Gana ya zauna har ya rasu. Ɗaukakar garin da komawarsa baya duka daga kogi suka zo, domin muddin Volta yana gudu yana tilasta wa matafiya su tsaya su sauke kaya, garin yana da abin yi, kuma ranar da aka datse shi ya zama tafki sai hanya ta kauce, ta bar garin a lungu.

Ƙasa da ruwa

Garin yana kusa da digiri 8 a arewacin layin da ya raba duniya biyu, kuma kusan a kan layin Girinwic yake, wato layin da masana taswira ke fara lissafin gabas da yamma daga kansa, wanda ya ratsa ta Tema, saboda haka wanda ya tashi daga Tema ya miƙe arewa sak, a gefen Kete-Krachi zai ɓullo. Volta kuwa taron koguna ne da ke kwashe ruwan ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 400,000 a Gana da Burkina Faso da Togo da Benin da Mali da Kwaddibuwa. Baƙin Volta da Farin Volta, waɗanda dukansu daga Burkina Faso suke gangarowa, suna haɗuwa a ƙasar Gwanja su zama kogi guda, sannan kogin Daka ya shigo masa daga wajen Yendi, kogin Oti kuma ya shigo daga arewacin Togo a kudu da Krachi. Tsakanin babban kogin da Oti ne ƙasar Krachi take, kuma wannan ne ya sa bayan cikar tafki ta zama kamar harshe a cikin ruwa.

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce mai ƙananan tuddai, ƙarƙashinta dutsen yashi ne, kuma tana daidai inda kurmin kudu ke ƙarewa, dajin arewa ke farawa. Ana ganin kaɗanya da ɗorawa da giginya da kuka jefi-jefi a cikin doguwar ciyawa, sai a bakin rafuka itatuwa su yi duhu irin na kurmi. Damina takan faɗi a watan Afrilu ta kai Oktoba, ruwa ya fi ƙarfi a Satumba, kuma abin da ke sauka a shekara yakan kai milimita 1,300 ko fiye, wato ya ɗara na Ankara nesa ba kusa ba, ko da yake Ankara ce ke bakin teku. Daga Disamba hunturu kan sauko da ƙurarsa, hazo ya rufe tafkin har masunci ya kasa hango gaɓa, sannan zafi ya tsananta a Fabrairu da Maris. Hukumar kula da yanayi ta Gana tana da tashar auna ruwan sama da zafi a garin, shi ya sa sunansa ke yawan fitowa a rahoton yanayi.

Abubuwa biyu na wannan yanayi ne suka yi wa garin arziki a zamanin da. Na farko ƙudan tsando, wanda ke kashe jakuna da dawakai da shanu idan suka nutsa cikin kurmi, saboda haka ayarin da ya taso daga Kano da jakai ba ya wuce bakin daji, dole ya tsaya a jira masu ɗaukar kaya a ka su fito da goro daga kudu. Na biyu duwatsun da ke cikin kogin daura da Krachi, inda ruwa ke gudu da ƙarfi yana karo da su, har kwalekwalen da ya ɗauko gishiri daga Ada a bakin teku ba ya wucewa da lodi, sai an sauke an zagaya ta tudu. Duk inda kaya ke sauka daga jirgi ko daga bayan jaki, nan ake samun dillali da fatoma da mai abinci da mai karɓar kuɗin fito, kuma da irin waɗannan mutane ake gina gari.

Krachi da Kete

Sunan garin sunaye biyu ne aka haɗa, kuma a da garuruwa biyu ne da ɗan tazara a tsakaninsu. Krachi shi ne garin 'yan ƙasa a bakin kogi, mutanen da ke magana da harshen Kaakye, ɗaya daga cikin harsunan Guan, dangin harshen Gwanja da Nchumuru da na mutanen Larteh da ke kan tsaunin Akuapem, inda tarihin baka na Krachi ke cewa daga can kakanninsu suka taso. Sarkinsu shi ne Krachiwura, amma a ƙarni na 19 ikon da ya fi nasa tsayi yana hannun mai kula da Dente, abin bautar gargajiya da ke cikin wani kogon dutse a kusa da garin, wanda mutane ke zuwa daga nesa suna neman bayani a wurinsa kan yaƙi da ciwo da shari'a. Sarakunan Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa, su ma sukan aiko da tambaya da kyauta, alhali Krachi na ƙarƙashin ikonsu tun ƙarni na 18.

A wancan lokaci babbar kasuwar goro ita ce Salaga, ko Salga a bakin Bahaushe, wadda ke arewa da Krachi a ƙasar Gwanja. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sukan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato a ayari mai ɗaruruwan mutane, madugu na shugabanta, jagaba na gaba, su ƙetare Kwara, su bi ta Nikki da Zugu, wato Djougou ta ƙasar Benin ta yau, su iso Salga bayan watanni da kanwa da turkuɗi da fatu da sirdi, su koma da huhunan goro da aka naɗe da ganye ana yayyafa musu ruwa a hanya don kada su bushe. Tonawa ne ke riƙe da kurmin da goro ke fitowa, su ne kuma suka tsare cewa ciniki a Salga za a yi shi.

Wannan tsari ya rushe a 1874, lokacin da sojojin Ingila ƙarƙashin Garnet Wolseley suka shiga Kumasi suka ƙone ta. Ƙasashen arewa da gabas suka yi wa Asante tawaye, aka kashe Tonawan da ke Salga, goro ya daina isowa can kamar da, cinikinsa ya karkata zuwa Kintampo da Atebubu. Mai kula da Dente ya zama jigon ƙawancen garuruwan da suka ɓalle, ya riƙe mashigin kogi, ya hana Tonawa wucewa, ya kuma riƙa karɓar haraji a kan gishirin Ada. Ɗan kasuwar Faransa Marie-Joseph Bonnat, wanda ya hau kogin a 1875 zuwa 1876 yana neman buɗe hanyar ciniki zuwa Salga, sai da ya nemi yardar Krachi kafin ya wuce. Masaniyar tarihi Donna Maier ta rubuta littafi guda a 1983 kan yadda wannan wurin bauta ya zama hukuma mai dukiya da mayaƙa. A cikin waɗannan shekaru ne baƙi Musulmi suka fara kafa bukkoki a tudun da ke bayan Krachi, wurin da aka sani da Kete, kuma shi ne zangon.

Abin da ya mai da Kete birni shi ne yaƙin basasar Salga na 1892, rikicin gadon sarauta tsakanin gidajen Kpembe masu mulkin Salga, inda Kabachewura Isifa ya nemi taimakon Dagwamba da Nanumba ya kori sarkin da ke kai, aka washe kasuwa, aka ƙone gidaje. Fatake da malamai da dillalai suka watse, wasu suka nufi Yeji da Kintampo, wasu Kumasi da Ankara, kaso mai yawa kuma suka gangaro Kete da iyalansu da bayinsu. Wajibi ne a faɗi wannan na ƙarshe a fili, domin Kete ta gaji Salga a cinikin goro da gishiri da shanu, ta kuma gaje ta a cinikin mutane, waɗanda akasarinsu an kamo su ne daga ƙasar Gurunsi a hare-haren Zabarmawa na zamanin jagoransu Babatu. Tarihin zango da ya ambaci malamai ya tsallake bayi bai cika ba, kuma jikokin waɗanda aka sayar ɗin suna cikin al'ummar zango ta yau, da Hausa a bakinsu kamar kowa.

Zaman Kete da Krachi bai yi daɗi ba a farkon lamari, saboda baƙi sun fi masu gari yawa da kuɗi, masu gari kuma suna da ƙasa da mashigi da Dente. Ana cikin wannan tsamin dangantaka Jamusawa suka iso. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1890 ta sanya kogin Volta ya zama iyaka a wannan yanki har zuwa bakin Daka, gabas ta Jamus, yamma ta Ingila, kuma a ƙarshen 1894 tawagar Hans Gruner ta sauka a garin, ta saurari ƙarar da fataken Kete suka kai, ta harbe mai kula da Dente, sannan aka kafa barikin mulki. Jamusawa ne suka haɗa sunayen biyu a takardunsu, kuma daga cikin waɗanda suka riƙe barikin akwai Julius von Zech, wanda daga baya ya zama gwamnan Togo baki ɗaya. Burinsu shi ne su janye ciniki daga kogi, wanda bakinsa ke hannun Ingila, su bi da shi ta tudu zuwa Kpalime da Lome, Ingilishi kuma suna jan fatake zuwa gaɓar yamma, kowane ɓangare da kuɗin fitonsa. Tun a lokacin kasuwar Kete ta fara raguwa, domin goro ya sami wata hanya, ana loda shi a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko, daga baya jirgin ƙasa ya kai shi Kano, wanda layinsa ya isa can a 1911. Dillalan da suka fahimci inda ciniki ya dosa suka bi shi zuwa bakin teku, kuma da irinsu ne Zangon Malam da Sabon Zango na Ankara suka cika.

Alhaji Umaru

Cikin waɗanda yaƙin Salga ya tasa akwai Malam Umaru ɗan Abubakar, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, asalin gidansu Kabi, ya yi karatu a ƙasar Hausa, ya biyo hanyar fatauci zuwa Gwanja kamar mahaifinsa. Tun yana saurayi, a 1877, ya wallafa wani littafi na Larabci kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa, wanda malamai suka riƙa kwafa saboda amfaninsa ga masu rubuta wa sarakuna da attajirai takardu. A Salga ya san wani Bajamushe mai suna Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa suka laƙaba wa Malam Musa. Bayan watsewar garin ya zauna a Kete, ya zama limaminta a zamanin Jamus, ya tafi aikin hajji a 1913, ya dawo ya ci gaba da karantarwa har rasuwarsa a 1934. Ana kiransa Alhaji Umaru Salga, ana kiransa Alhaji Umaru Krachi, a bakin mutanen arewacin Gana kuma Imam Imoru.

Girman aikinsa ya wuce abin da ake zato daga ƙaramin gari a bakin kogi. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa kan abin da ya gani da idonsa: rushewar Salga, zuwan Turawa da yadda suka ci garuruwa ɗaya bayan ɗaya, annobar mura ta 1918, da halin da talaka ke ciki a gaban mai dukiya. Waƙar Nasara da Waƙar Talauci da Wadata suna cikin waɗanda masana suka buga suka yi sharhi a kansu. Ya kuma juya waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, mawaƙin Larabawa na kafin Musulunci, zuwa Hausa. Sai dai abin da ya fi ƙima ga mai neman sanin rayuwar Hausawa kafin mulkin mallaka shi ne rubutun zube da ya yi da ajami, wato Hausa da haruffan Larabci, bisa roƙon Adam Mischlich, jami'in Jamus da ya riƙe Kete-Krachi, wanda ya zama ɗalibinsa kuma ya fitar da ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906. A cikin waɗannan takardu Malam Umaru ya bayyana tarihin Kabi da sauran ƙasashen Hausa, da jihadin Shehu Usmanu, da yadda ake noma da saƙa da rini da ƙira da aure da bauta, dalla-dalla, da idon wanda ya tashi a ciki. Douglas Ferguson ya yi digirinsa na uku a kansu a Amurka a 1973, Stanisław Piłaszewicz na Jami'ar Warsaw kuma ya buga wani kaso nasu a 2000. R. S. Rattray, jami'in Ingila mai nazarin al'adu, shi ma ya zauna a gabansa a Kete ya ɗauki karatu.

Abin lura a nan shi ne, ɗaya daga cikin bayanai mafi faɗi da ake da su da Hausa kan Kano da Sakkwato na ƙarni na 19, a bakin Volta aka rubuta shi, ɗaruruwan kilomita daga ƙasar Hausa, kuma mai yiwuwa nisan ne ya sa marubucin ya ga dacewar bayyana abubuwan da mazaunin gida ke ɗauka kowa ya sani. Ɗalibansa sun bazu a Kumasi da Yendi da Tamale da Ankara, kuma silsilar karatun malamai da dama a zangunan Gana tana komawa gare shi.

Daga Jamus zuwa Gana

Mulkin Jamus bai wuce shekara ashirin ba, domin a watan Agusta na 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Ingila da Faransa suka ci Togo cikin makonni kaɗan. Krachi ta faɗa kason Ingila, wanda aka riƙe a matsayin ƙasar amana, wato yankin da wata ƙasa ke mulka a madadin ƙungiyar ƙasashen duniya. An haɗa ta da yankin arewa, sannan a 1950 aka mai da ita ɓangaren kudu. A ƙuri'ar raba gardama ta 9 ga Mayu 1956, kimanin kashi 58 cikin ɗari na masu zaɓe a Togon Ingila suka zaɓi haɗewa da Gold Coast, kuma da haka garin ya shiga Gana mai 'yanci a 1957, cikin yankin da daga baya ya zama Jihar Volta.

Tafki

A 1961 gwamnatin Kwame Nkrumah ta kafa Hukumar Kogin Volta, aka fara gina madatsar ruwa a Akosombo domin samar da lantarki, musamman ga masana'antar narka alminiyam ta Tema. Ruwa ya fara taruwa a 1964, aka gama aiki a 1965, aka yi bikin buɗewa a Janairun 1966, wata guda kafin sojoji su kifar da Nkrumah. Tafkin da ya samu ya kai faɗin murabba'in kilomita 8,500, yana cikin mafi girma da ɗan Adam ya yi a duniya, kuma ya tashi mutane kimanin 80,000 daga ƙauyuka sama da 700, aka tara mafi yawansu a sababbin matsugunai 52. Akasarin wuraren da ruwa ya ci ƙananan ƙauyuka ne, Kete-Krachi ce kaɗai mai sunan gari, da mutane wajen 4,000.

Tsohon Krachi da tsohuwar Kete, da kasuwa da masallatai da maƙabartu da duwatsun da suka tsai da kwalekwalen gishiri, ruwa ya rufe mafi yawansu, aka gina sabon gari a kan tudu. Gidan da hukuma ta ba kowane magidanci ɗaki guda ne da aka gama, da rufin kwano da ginshiƙai da aka tanada don ya ƙara ɗakuna da kansa, kuma an jera gidajen layi-layi. Ga mutumin zango mai mata da 'ya'ya da almajirai da baƙi, wanda ya saba da gida mai zaure da tsakar gida da katanga, wannan gini bai dace da zamansa ba ko kaɗan, kuma fatoman da ba shi da ɗakin sauke baƙo ya rasa sana'arsa. Shirin noman zamani da tarakta da aka yi wa alkawari bai yi nisa ba. Da yawa daga matsugunan da aka tasa domin lantarki sun shafe shekaru masu yawa ba su ga wutar ba, kuma sai a 1996 aka kafa asusu na musamman don kula da su. Ba a musun amfanin Akosombo ga Gana, domin fitilun Nima da Mamobi da Madina da shi suka kama, amma waɗanda suka biya farashin ba su ne suka fara cin moriyar ba, kuma wannan bashi ne da har yanzu ba a gama biya ba.

Babbar asarar garin ita ce hanya. Kafin tafki, titin mota daga kudu zuwa Salga da Tamale ta gabashin kogi yana bi ta yankin Krachi, bayan tafki kuwa ruwa ya yanke shi, manyan motoci suka koma ta Kumasi da Kintampo, ko ta Nkwanta da Bimbilla. Yau wanda ya tashi daga tashar Madina zai bi ta Dodowa da Kpong, ya haye gadar Adomi, ya wuce Hohoe da Jasikan ya kai Dambai, a nan ya jira jirgin fito ya ƙetare da shi Oti, sannan ya ƙarasa. Ta yamma kuma wani jirgin ke haɗa garin da Kojokrom, inda hanyar Atebubu da Kumasi ta fara. A mashigin Dambai ana ganin manyan motoci maƙare da doya sun yi layi a gangaren, direbobi sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsu, mata na zagayawa da soyayyen kifi a faranti, kuma idan injin jirgin ya lalace, doyar da ke cikin rana ita ke fara lalacewa, mara lafiyar da aka ɗauko kuma sai dai a sa shi a kwalekwale. An daɗe ana alkawarin gada a wurin.

Ruwan ya kawo nasa arzikin da nasa ciwon. Kifi ya yawaita, karfasa da tarwaɗa da kurungu da giwan ruwa, masunta suka kwararo daga kudu, banda ta zama babbar haja zuwa kasuwannin Ankara da Kumasi. Makantar da wani ƙaramin baƙin ƙuda ke haddasawa ta ragu a inda tafki ya rufe, saboda ƙudan a ruwa mai gudu yake hayayyafa, amma tsargiya ta ƙaru ƙwarai, saboda dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar ya sami ruwa mai kwanciya da ciyawa. Ba a sare itatuwa ba kafin ruwa ya taso, saboda haka kututturansu na nan tsaye a ƙarƙashi, suna fasa jiragen katako, suna kama taru, kuma yaran da ake sa su nutsa su kwance tarun su ne suka sa sunan yankin ya shiga rahotannin duniya kan bautar da yara a sana'ar su. Gana ta yi dokar hana fataucin mutane a 2005, akwai kuma masu aikin ceto da makarantar da ke karɓar irin waɗannan yara a garin, amma tsibiran tafkin suna da yawa, idon hukuma bai kai ko'ina ba.

Mutanen garin a yau

Kete-Krachi ita ce hedikwatar Krachi ta Yamma, wadda ƙidayar 2010 ta ba ta mutum 49,417, ta 2021 kuma sama da 60,000, garin kansa yana da dubu goma da 'yan kai. Tsohuwar gundumar Krachi ta fi haka faɗi sosai, amma an yanke Krachi ta Gabas a 2004 da hedikwata a Dambai, aka yanke Krachi Nchumuru a 2012 da hedikwata a Chinderi, kuma da aka ƙirƙiro Jihar Oti bayan ƙuri'ar Disamban 2018, Dambai aka ba babban birni, garin da ke kan hanya. Abin da ya rage wa Kete-Krachi na hukuma shi ne asibiti da makarantar sakandare da kwalejin ungozoma da gidan yari da fadar Krachiwura.

Mutanen Krachi su ne masu ƙasa da sarauta. Konkomba, waɗanda suka riƙa gangarowa daga arewa tun zamanin Turawa suna neman sabuwar gona, su ne ƙashin bayan noman doya, kuma doyar da ake sayarwa a Ankara kaso mai tsoka nata daga wannan yanki zuwa Nkwanta da Kpandai yake fitowa. A bakin ruwa da tsibirai akwai Ewe na Tongu da mutanen Ada da Fante, masunta. A zango kuma akwai Hausawa da Kotokoli da Zabarmawa da Fulani da Basari da Yarabawa, masu awo da fawa da tuƙi da ɗinki da kiwo, harshen da ya haɗa su Hausa, kamar yadda yake a Nima. Ƙidayar Gana ba ta ware Hausawa a matsayin rukuni mai zaman kansa a manyan jadawalinta, tana zuba su cikin sauran ƙabilu, saboda haka alƙaluman hukuma ba sa nuna yawan masu magana da harshen. Zangon ya kuma yi rashin mutane a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba da umarnin korar baƙin da ba su da takardar zama, dokar da ta girgiza kowane zango a ƙasar, shekara biyar kacal bayan ruwa ya tashi garin.

Tun daga nan ƙaura ba ta tsaya ba, kuma ta bi hanyar da dillalan goro suka bi tun farko. Madina, wadda aka kafa a 1959 ƙarƙashin jagorancin Alhaji Seidu Kardo, ta girma a daidai shekarun da Kete ke raguwa, kuma da yake ita ce ƙofar Ankara ga mai zuwa daga Volta da Oti, ta karɓi nata rabon na mutanen wannan yanki, har gundumarta ta haura mutum 200,000 a ƙidayar 2021.

Tazarar da ke tsakanin Madina da Jami'ar Gana a Legon ba ta wuce tafiyar 'yan mintoci a motar haya ba. A can, a Cibiyar Nazarin Afirka, akwai tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da Ivor Wilks da Alhaji Usmanu Boyo da abokan aikinsu suka tattara daga gidajen malamai a shekarun 1960, kuma ayyukan Alhaji Umaru suna da yawa a cikinsu. Masana daga Turai da Amurka sun zo sun karanta su sun yi digiri, alhali yaran makarantun allo da na Islamiyya a Madina da Nima da Mamobi, waɗanda suka iya haruffan kuma harshen nasu ne, akasarinsu ba a taɓa nuna musu shafi guda ba. Ya kamata sarakunan zango da limamai da masu makarantu su nemi kwafin waɗannan takardu, a buga su da ajami da boko, a sa su cikin karatun yara, sannan a aika masu ɗaukar magana zuwa Kete-Krachi su zauna da dattawan da suka san tsohon gari kafin 1964, domin mafi ƙanƙantarsu yanzu ya haura shekara sittin.